Rami na Bakwai

Shafi na 34

Masu cika mani waya da saƙo tun da sassafe wai na bar bawan Allah tsaye a bakin ƙofa kwana biyu, ku yi haƙuri, ga shi an buɗe mashi. Mai hawan jini ya fara shan maganinsa tukuna.

*

Minti arba'in cur Salahuddeen ya yi a tsaye a barandar ofishin kulob kafin a tuna da shi.

Ga kujerun kaba huɗu jere a barandar, babu kowa a kai. Bai zauna ba. Shekara tara yana aiki a Kulob ɗin Golf na Gawo Uku, ukun ƙarshe shi ne shugaban masu kula da fili, amma ya san kujerun nan ba don irinsa aka saƙa su ba.

Daga inda yake yana hango filin gaba ɗaya, kore shar kamar ba a Katsina ba, famfunan feshi na ta juyi a kan ciyawar da ya rena da hannunsa. Wajen ajiye motoci ya cika tun ranar Talata. Lambar Abuja, lambar Legas, lambar Fatakwal, har da ta Nijar. Saura kwana biyu a fara gasar da ake ta shela a rediyo. Masaukan cikin gari duk sun cika, masu kilishi da masu hula sun kafa rumfuna a bakin get.

Can wani ƙaton baƙo mai gajeren wando ya ɗaga sanda ya kai wa ƙwallo duka. Ya ɗebo ciyawa da ƙasa kamar mai haƙar dankali, ƙwallon ko motsi ba ta yi ba.

Salahuddeen ya ja tsaki ƙasa-ƙasa. Gobe da asuba shi zai tsuguna ya gyara wurin.

Ƙofa ta buɗe. Haulat sakatariyar kulob ta leƙo.

"Malam Salahu, an ce ka shigo."

Sai ta rage murya.

"Ka riƙe zuciyarka."

Ya tuɓe takalman robarsa a bakin ƙofa ya shiga da sallama. Sanyin na'ura ya bugi fuskarsa. Mutum biyu ne a kan doguwar kujera. Alhaji Nu'uman shugaban kulob, babban ɗan kwangilar nan na Ƙofar 'Yandaka, ya baje babbar riga yana ɓare gyaɗa. Kusa da shi mataimakinsa Alhaji Mahmud, siriri, da farar hular hana-salla ta 'yan golf a kan jamfa, yana danna waya. Haulat ta koma ƙarshen tebur inda kwamfutarta take.

Salahuddeen ya durƙusa.

"Ranku shi daɗe, barkanku da yamma. An yini lahiya? Ya gida, ya iyali? Ya gajiyar baƙi?"

"Lahiya," in ji Alhaji Nu'uman, bai ɗago ba.

Alhaji Mahmud ko wannan bai ce ba. Sai da ya gama abin da yake yi a waya, sannan ya jawo wata takarda da yatsa biyu kamar mai ɗaga tsumma.

"Kai ɗan Hamman. Wannan sunan waye?"

"Nawa ne, Alhaji."

"A takardar mi?"

"Ta waɗanda suka tsallake gwajin shiga gasa."

"Wa ya ce ka shiga gwajin?"

"Sanarwa aka liƙa a get. An ce duk mazaunin jiha yana iya gwadawa."

Alhaji Mahmud ya juya wajen shugaba yana murmushi.

"Ka ji ko, Alhaji? Ashe har karatu yana yi."

Alhaji Nu'uman ya yi dariya, ɓawon gyaɗa ya zubo mashi a ƙirji.

Salahuddeen ya dubi takardar. Ya san inda abin ke yi wa Alhaji Mahmud ƙaiƙayi. A wasan nan mai ƙarancin bugu shi ne gwani. Ranar Litinin shi ya zagaye ramuka goma sha takwas da bugu sittin da tara, da tsofaffin sanduna biyar da wani Bature ya bar mashi. Wanda ya zo na biyu ya yi saba'in da bakwai. Na biyun nan kuwa Ashraf ne, ɗan Alhaji Mahmud na cikinsa, wanda aka kai ƙasar waje shekara biyu don ya koyo wasan.

"Ina ka koya?" Alhaji Nu'uman ya tambaya.

"Nan, ranka shi daɗe."

"Nan ina?"

"Nan inda ofishin nan yake. Da sandar kiwo da ƙwallon goruba, tun muna tsaron shanun Baffa."

"Goruba!" Alhaji Mahmud ya tafa hannu. "Ka ji da wanda za mu jera baƙinmu. Alhaji, ka san su waye suka sauka jiya? Shugabannin banki. Tsoffin janar-janar. Mutanen da a da in za su buga wasa sai su hau jirgi su bar ƙasar, yau su ne ke rububin kujerar jirgin Katsina. Shekara shida muna wahala har muka sa sunan garin nan a bakinsu. Sai kawai su waiga su ga wanda ke ja masu tiyo da safe ya tsaya kusa da su yana gyara tsayuwa?"

"Sun ga katin buguna, Alhaji. Biyu daga cikinsu ma sun yi mani barka."

"Rufe mani baki. Barkar da ake yi wa biri in ya hau keke."

Maganar ta shige shi har ƙashi. Ya sa ido a kan kafet, yana kallon yatsun ƙafarsa masu kaushi a kan jan zane. Da safen nan matarsa Fatu ta riƙe mashi hannun riga a zaure ta ce, don girman Allah ko mi suka ce ka ce to, 'ya'ya huɗu gare mu ga Baffa. Ya ce mata to.

Alhaji Nu'uman ya karkaɗe hannuwansa.

"Saurara, yaro. Mu ba azzalumai ba ne. Kana da ƙoƙari wajen ciyawa, kowa ya shaida. Amma golf ba ƙarhin dantse ba ne, ba kuma saiti kawai ba. Wasan manya ne. Akwai yadda ake tahiya, akwai yadda ake magana, akwai abin da ake tattaunawa tsakanin rami da rami. Kai in an haɗa ka da shugaban banki awa huɗu, mi za ka ce mashi? Kuɗin dusa?"

Suka sake fashewa da dariya.

Shekarun Salahuddeen talatin da takwas, da furfura a gemu. Yaro.

"Don haka za ka janye sunanka," in ji Alhaji Mahmud. "Ka ce ƙugunka ya riƙe. Amma mun yi maka tanadin abin da ya hi wannan. Haulat, miƙo ledar nan."

Haulat ta ɗan yi jim kafin ta tashi. Ta kawo wata babbar leda ta ajiye a gaban Salahuddeen, ba ta yarda sun haɗa ido ba.

"Buɗe."

Ya buɗe. Farar rigar saƙi ce mai jan zare a wuya, sabuwa fil. Da malfa mai tuntu. Da goran nono da aka shafa wa man ƙyalli.

"Baƙi na son ganin al'ada," Alhaji Mahmud ya ci gaba, yana kaɗa ƙafa. "Ranar Asabar za ka sa waɗannan ka tsaya bakin get da sanda a kafaɗa. Mun yi hayar shanu biyu farare, za a wanke su da sabulu. Duk wanda ya sauko daga mota shi ɗauki hoto da kai. Ka riƙa murmushi. In ma ka iya 'yar waƙar nan taku ta kiran shanu, ka ɗan rera."

"Hotonka har a mujallar jirgi," Alhaji Nu'uman ya ƙara. "Wa ya taɓa samun wannan a danginku?"

Salahuddeen ya ɗaga malfar yana juya ta. Ta kasuwa ce, irin wadda ake rataye wa a bangon otal. Ruwan sama ɗaya zai narkar da ita. Ya tuna ta Baffa mahaifinsa, baƙa ƙirin don zufa, tana rataye a ƙusa a ɗakin da suke haya a Ƙofar Guga. Tsohon yana yini a bakin ƙofa yana kallon masu Keke Napep, ba shi da ko ɗan maraƙi.

Ya mayar da malfar kasuwar cikin leda a hankali.

"Shanun haya," ya ce.

"Mi ka ce?"

"Na ce shanun haya, Alhaji. A Gawo Uku. Inda shanu ɗari da ashirin ke kwana."

"To fa. An fara." Alhaji Mahmud ya kishingiɗa. "Ba a biya ku diyya ba halan? Ba a ba ku wani wuri ba?"

"An ba mu. Inda rijiya ke ƙafewa tun watan biyu da ɗaukewar ruwa."

"Wannan kuma tsakaninku da Allah."

"Ba zan sa rigar nan ba, ranku shi daɗe. Kuma ƙuguna lahiyarsa lau."

 Ƙarar yatsun Haulat a kan kwamfuta ta tsaya.

Alhaji Nu'uman ya miƙe da ƙyar, ya tattara babbar rigarsa. Bai yi tsawa ba. Murmushi ma yake yi, irin na babba da zai wayar wa jahili kai. Ya taka zuwa bangon gabas, inda aka kafa wani allon tagulla mai ƙyalli, ƙarƙashinsa akwatin gilashi da farar ƙwallo guda a kan jan ƙyalle.

"Zo nan. Tunda ka iya karatu, karanta."

Salahuddeen bai matsa ba. Ya san abin da ke jiki. Duk Juma'a shi ake sa wa ya goge shi.

ALHAJI NU'UMAN. RAMI NA BAKWAI. BUGU ƊAYA.

"Bugu ɗaya," in ji Alhaji Nu'uman, yana shafa gilashin. "Daga inda na tsaya har cikin rami, ƙwallo ba ta nemi bugu na biyu ba. Akwai waɗanda suka shekara arba'in suna wasan nan a Turai ba su taɓa yi ba. Ni wata uku da farawa na yi. Ka san mi ake kira wannan? Baiwa. Jini. Na buga, na ji kamar ta yi hagu, sai Allah Ya turo iska ta dawo da ita. Ko ba haka aka yi ba, Mahmud?"

"Haka aka yi, ranka shi daɗe. Ina tsaye."

"Ranar nan na san Allah Ya zaɓe ni in gina wasan nan a garin nan. Da can mi ke akwai? Ramuka tara na yashi da baƙin mai, awaki na ratsawa. Ni na mayar da shi sha takwas. Ni na haƙa rijiyoyin burtsatse. Ni na kawo ciyawar da kake taƙama da ita. Duk motar da ka gani a waje, ƙwallon nan ce ta jawo ta. Kai kuma da sittin da taranka, ka taɓa yin bugu ɗaya?"

"Ban taɓa ba."

"To ka gani. Ɗauki ledarka."

Wani abu ya taso wa Salahuddeen daga ciki, mai ɗaci, wanda ya shekara shida yana dannewa. Ya dubi dattijon nan da tumbinsa da zobensa, mutumin da har yau in ya kai duka sai ya rufe ido. Ya dubi ɗayan, mai hular yara a kan furfura. Wai waɗannan ne manyan wasa. Maganar Fatu ta zo mashi, ta wuce.

Ya miƙe tsaye.

"Wa ya ce ka tashi?" in ji Alhaji Mahmud.

"Alhaji, kai ma ba ka taɓa yi ba."

Alhaji Nu'uman ya juyo.

"Ban ji ba."

"Bugu ɗaya. Ba ka taɓa yi ba."

"Kai! Kai ɗan Hamman!" Alhaji Mahmud ya zabura, wayarsa ta faɗi ƙasa. "Hita! Haulat, kira masu gadi! Yaron nan ya sha wani abu!"

"Bar shi."

"Ranka shi daɗe, mahaukaci ne, kada ka..."

"Na ce bar shi, Mahmud. Ƙarasa, yaro. Ina jin ka."

Salahuddeen ya fuskance shi.

"Rami na bakwai bayan tudu yake. Mai bugu ba ya ganin inda ƙwallo ta sauka, kan tuta kawai yake hangowa. Lokacin ni leburan wucin gadi ne, ni ke share yashin wurin. Da safen ranar, Alhaji Mahmud ya same ni ina jan buhu. Ya ce yau Alhaji Nu'uman zai zo, kuma shi Alhaji Nu'uman ɗin ya ce daga yau ya bar wasan, wai ɓata lokaci ne. Ya ce in ya tahi, kulob ya mutu, don babu mai aljihun da zai ɗauke shi."

"Ƙarya yake!"

"Ya ce in ɓoye bayan gezar nan. In Alhaji ya buga, duk inda ƙwallo ta faɗa in ɗauko in jefa a rami, in hito ina kabbara. Ya ce in na yi, za a ba ni takardar aiki ta dindindin."

Alhaji Nu'uman bai ƙifta ido ba.

"Ina ta faɗa?"

"Ranka shi daɗe..."

"Na ce ina ta faɗa?"

"Hagu. Taku talatin da wani abu. Bayan shingen ƙaya."

"Cikin mi?"



"Cikin kashin shanun Baffa. Ɗanye. Da bakin rigata na goge ta."

Wani sauti ya kuɓuce wa Haulat, ta yi maza ta rufe baki da mayafi.

Alhaji Nu'uman ya cire hannunsa daga kan gilashin a hankali, ya dubi tafin hannun.

"Iska," ya ce, kamar mai magana da kansa. "Na ce maka ta yi hagu, Mahmud. A hannuna na ji. Na ce ta tahi daji. Kai ka ce iska ta dawo da ita."

"Ranka shi daɗe, shekara shida fa, wa zai tuna..."

"Rantse."

"Alhaji, yanzu saboda maganar lebura..."

"Ga Alƙur'ani can a kan kanta. Kana da alwalar la'asar. Ɗauko ka dafa."

Alhaji Mahmud ya dubi kantar. Ya dubi ƙofa. Ya cire hular hana-sallar ya share goshi, duk da sanyin da ke ɗakin.

Bai tashi ba.

Alhaji Nu'uman ya lalubi hannun kujera ya zauna, kujerar ta yi ƙara.

"Bijimi uku na yanka," ya ce. "Na ciyar da unguwa. Na yi kuka a gaban mutane, da hawaye, ni. Labarin nan na ba da shi a Abuja, na ba da shi a Legas, na ba da shi a Makka cikin harami. Jikokina sun haddace shi. Jiya-jiya na ba janar ɗin nan shi har sau biyu." Ya ɗago jajayen idanu. "Duk lokacin nan kana gefena kana gyaɗa kai."

Nan Alhaji Mahmud ya ga babu mafita, sai ya canza fuska. Ladabin ya zube. Ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"To, an yi. Sai mi? Ka dubi waje, Alhaji. Ka dubi motocin nan. Da na bar ka da basirarka, da yanzu awaki na nan na kiwo. Kai ba ka iya wasa ba, ba ka taɓa iyawa ba, kowa a kulob ɗin nan ya sani. Wa ke ƙirga maka bugu tsakani da Allah? In ka yi tara a rubuta biyar. Abin da ka iya shi ne sa hannu a takarda in an yabe ka. Na yabe ka, ka sa hannu, gari ya amfana. Ina laihina?"

"Mahmud."

"Kuma kai," ya juyo kan Salahuddeen, yana nuna shi da hular, "kada ka tsaya nan kana mana fuskar waliyyi. Da hannun wa aka jefa ƙwallon? Sati nawa tsakanin kabbararka da zuwan katafila rugarku? Ramuka taran da aka ƙara a kan gidan wa aka shimfiɗa su? Ka sayar da makwancin shanun ubanka da takardar aiki. Ka gaya wa tsohon? Ya sani?"

Nan ne maganar ta sami Salahuddeen a inda babu ƙashi.

Bai sani ba. Baffa bai sani ba. Ranar da katafila ta ture bukkokinsu, shi Salahuddeen yana wannan gefen da sabuwar rigar ma'aikata, yana riƙe da igiyar awo. Tsohon har addu'a ya yi mashi, ya ce Allah Ya sa albarka a aikin, ko ba komai ɗaya daga cikinmu ya tsira. Shekara ta farko a sabon wuri shanu talatin suka kwanta don ƙishirwa. Sauran aka yi ta sayarwa ɗaya bayan ɗaya.

"Bai sani ba," ya ce. "Ban san abin da za ta jawo ba ranar da na ɗauke ta. Amma ni na ɗauke ta. Kullum na goge allon nan sai na tuna. Ni na san abin da na aikata, Alhaji Mahmud. Kai har yau gani kake dabara ka yi."

"Dabara ce mana. Wadda ta ciyar da kai shekara shida."

"Ya isa."

Alhaji Nu'uman ne. Muryarsa ta dushe. Ya daɗe yana kallon akwatin gilashin, sannan ya sauke numfashi. Da ya sake magana, ɗan kwangilar ne ya dawo, mai lissafin abin da zai tsira da shi.

"Wa ya sani bayan ku biyu?"

"Babu," in ji Salahuddeen.

"Matarka?"

"Ko ita."

"Haulat."

"Na'am, Alhaji."

"Abin da kika rubuta, goge shi. Kin ji wani abu a ɗakin nan?"

Haulat ta sunkuyar da kai, ba ta amsa ba. Shi kuma bai jira amsar ba, don bai saba jiran amsarta ba.

"Jibi baƙi ɗari biyu za su zauna cin abinci a ƙarƙashin allon nan. Kamfanin da ya ɗauki nauyin gasa ya buga hoton ƙwallon nan a jikin kowace riga. In maganar nan ta hita, ba ni kaɗai za a yi wa dariya ba, garin nan za a yi wa. Wanda ya zo bana ba zai dawo baɗi ba." Ya dubi Salahuddeen, karo na farko ido cikin ido. "Zauna."

Ya nuna mashi kujera. Kujerar fata, ta kusa da shi.

Salahuddeen ya dube ta. Shekara tara, sai yau.

"Na gode, ranka shi daɗe. Tsayuwar ta ishe ni."

"Kana son ka buga gasa? Ka buga. Zan sa a kawo maka sabbin sanduna yau ɗin nan. Ledar nan a ƙone ta. Mi kuma kake so? Faɗi. Gida? Kujerar Makka ga tsohon?"

Salahuddeen ya ji wani irin ƙyanƙyami ya rufe shi. Da bugu sittin da tara bai isa ya tsaya kusa da su ba. Da kashin shanu ya isa. Ɗazu shi biri ne a kan keke, yanzu ana miƙa mashi kujerar fata. Ya ga Alhaji Nu'uman ya zuba mashi ido yana jira, ya ga Alhaji Mahmud na kallon silin kamar ba da shi ake ba, ya rasa wanda ya fi raina wa a cikinsu. Ya rasa ko shi kansa ne.

Amma akwai Baffa. Akwai burtalin da aka toshe da waya ta bayan rami na sha huɗu, da tafkin da aka kewaye don ado, wanda sauran rugagen yamma ke kallo daga nesa da shanunsu. Kalma ɗaya yanzu za ta iya buɗe su.

"In na faɗa za a yi?"

"Kafin magariba. Sharaɗi ɗaya ne. Maganar nan ta mutu a ɗakin nan. Mu huɗu, sai Allah. Ka ɗauko Alƙur'anin can da Mahmud ya kasa taɓawa, ka dafa."

Salahuddeen ya dubi kantar. Ya ɗaga ƙafa ɗaya.

Sai aka yi gyaran murya.

Ba Alhaji Mahmud ba ne. Ba Haulat ba ce. Daga ƙarshen tebur sautin ya fito, daga cikin kwamfuta.

"Assalamu alaikum. Alhaji Nu'uman, a gafarce mu."

Muryar mace ce, a natse, da Hausar mutanen Abuja.

Alhaji Nu'uman ya daskare.

"Wace... wace ce wannan?"

Haulat ta juyo da fuskar kwamfutar wajensu a hankali. Allon cike yake da ƙananan hotuna, layi-layi, fuskoki a ofisoshi da cikin motoci, wasu sun dafe baki, wani dattijo ya kifa kai a tebur kafaɗunsa na girgiza.

"Taron ƙarfe biyar ne, Alhaji," in ji Haulat. Muryarta ko ɗar babu. "Kai ka ce in haɗa da wuri, kada manya su jira. Sau biyu na ɗaga hannu in gaya maka."

Salahuddeen ya dube ta. Shi dai bai ga ta ɗaga hannu ba.

"Hajiya Fadila ce, daga kamfanin da ya ɗauki nauyin gasa," muryar ta ci gaba. "Mu ashirin da bakwai ne a kan layi, da shugabannin kulob na jihohi tara, da 'yan jarida huɗu. Tun daga maganar shanun haya muke jin ku."

Hular hana-salla ta suɓuce daga hannun Alhaji Mahmud.

"Alhaji, za mu dawo kanka. Amma tukuna, bawan Allahn nan da ya yi sittin da tara, ba ma ganin sa daga nan. Malam, matso gaban kyamara. Akwai tambaya ɗaya da zan yi maka, kuma ina so ka amsa a gaban kowa."